Ɗigo a Ƙarƙashin Noti

Daga Delhi

Bhai Mushtaq,

Sallama da gaisuwa. Ka gaida mahaifiyarmu Ammi, ka ce mata ina shan maganina.

Ka buɗe ƙunshin nan kai kaɗai. Almakashin datse ƙashin kaza ne, na saye shi a kasuwar Lahadi wurin mai tsofaffin ƙarafa. Ka duba kusa da mariƙi, tambarin kifin nan ne da Abba ke bugawa a almakasan da ya ƙera. Na kwatanta shi da hotunan tambura a duk littattafan da na samu, kuma sifirin ɗinsa na ƙarfe marar tsatsa ne. Abba ya nutse a magudanar ruwa ina 'yar firamare, lokacin ba maƙerin Meerut da ya taɓa ganin irinsa. Ka ce mana ka jefa hatimin buga tambarin a ruwa bayansa, yadda gidanmu ke yi in maƙeri ya rasu. In ɓoye shi ka yi kana sayar da aikinka da sunan mamaci, ka faɗa mini kafin in zo in tambaye ka a gaban ma'aikatanka.

Ƙanwarka,
Nuzhat

Daga Meerut

Nuzhat,

Wa alaikumus salam. Ammi ta amsa. Bakinki dai bai tsufa ba.

Da hannuna na jefa hatimin, Ammi na tsaye. Aikin kuwa na Abba ne. Shan magagarin daga hagu ya taho, kin san bahago ne, kuma ba wanda ke sassaƙa gurbin riƙe ƙashi da zurfi haka sai shi. Amma kin yi gaskiya kan sifirin. Notin da ke tsakiyarsa ma irin wanda muka fara samu ne bayan aurena, ba canji ba ne, tsatsa ta haɗe shi da ruwan almakashin tun da daɗewa. Na naɗe shi na ajiye. Matata ta ce ya buɗe baki da kansa a cikin tsumma, na ce mata sifirin ne. Ki bar maganar nan.

Yayanki,
Mushtaq

Daga Delhi

Bhai,

Sallama. In bar ta? Mutum ya ƙera almakashi bayan an yi masa sallar gaibu, ka ce in bar ta. Matattu ba sa sayen noti. Gawarsa ba a gani ba, kai ma ka sani. Ammi ta tsufa tana dafa abincin sadaka duk Alhamis saboda mutumin da watakila yana wani gari yana cin biryani.

Ka kwance notin. Ka tuna Abba yana buga ɗigo a ƙarƙashinsa, ɗaya ga kowane ɗansa, in ɗa ya rasu ya ja layi a kan nasa. Namu uku ne: na yayarmu Apa Shabnam mai layi, sai naka, sai nawa. In akwai na huɗu, to ya rayu ya haihu a wani wuri, kuma ni zan gaya wa Ammi tunda kai ba ka da zuciyar. Kada ka aiko mini da wa'azi, lissafi nake so.

Allah ya bar zumunci, ko da ina fushi.
Nuzhat

Daga Meerut

Nuzhat,

Sallama. Na kwance shi, sai da na jiƙa shi da kananzir. Ba na huɗu. Ɗigo uku ne, biyu da layi. Layin Apa ya yi baƙi. Ɗayan, na kan ɗigonki, yana ƙyalli, har da garin ƙarfe a gefensa, kamar yanzu aka ɗaga hannu.

Kada ki hau mota ko jirgi, kada ki kunna gas. Ki kira maƙwabciyarki ta zauna da ke. Na taso.

Allah ya tsare mini ke.
Mushtaq