Teburin Yanka Ɗaya

Litinin, 5 ga Mayu

Babu bambanci. Na sake juya alƙaluman a kwamfuta har idona ya fara ruwa, amsar ɗaya ce. Telolin da muka koya wa yanka da samfurin takarda da tallan kaya a waya, da waɗanda ƙuri'a ta bari a baya don mu kwatanta, duk aikinsu ya ƙaru, kuma ya ƙaru daidai wa daida. To me zan rubuta? Kundin digirina gaba ɗaya a kan wannan bambancin yake tsaye. Idan ban kare shi a wannan zangon ba, sashe ba zai sabunta min aikin koyarwa ba, an faɗa min a fili. Raina a ɓace yake, ko abinci ban iya ci ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Na kai wa Farfesa, mai duba kundina. Yana bare lemo yana duba allon, ko zama bai ce in yi ba. Wai "Malama, ko dai ba ki iya tattara bayanai ba, ko horon naku shirme ne." Naku! Shi ya tsara horon, shi ya je taro ya yi jawabi a kansa, yau ya zama namu. Na ce ranka ya daɗe, bari in koma kasuwa in gani. Ya ce in rufo masa ƙofa da kyau saboda sanyin na'ura yana fita.

Alhamis, 8 ga Mayu

Tirƙashi. Na gano.

Layin telolin teburin yanka ɗaya gare su. Babban tebur ne a baranda, kowa ya kawo yadinsa ya shimfiɗa, dutsen guga ma ɗaya suke karɓa-karɓa. Na isa na tarar da Malam Dogo, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajinmu, ya baje samfurin takardar da muka ba shi, mutum huɗu sun kewaye shi. Uku daga cikinsu 'yan jira ne, haka waɗanda ƙuri'a ba ta faɗo a kansu ba suke kiran kansu. Yana nuna musu yadda ake fitar da hannun riga. Da ya gan ni har da washe baki, wai "Malama, ga ɗalibanki sun ƙaru."

Na tsaya kamar an dasa ni. Tun ranar da aka fara horon, abin da aka koya da safe da yamma yana kan teburin nan. Sun kwafe samfuran a kwali, kowane shago da nasa a rataye a ƙusa. Ba ni da wanda zan kwatanta da wani, duk sun zama abu ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai, tun farko na faɗa wa Farfesa a yi ƙuri'ar kasuwa da kasuwa, kada a raba mutanen layi ɗaya. Ya ce babu lokaci, masu ɗaukar nauyin binciken suna jiran rahoto. Yanzu ga lokacin nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Baban yara dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai "ke da kika je koya wa mutane sana'a, kina fushi don sun koya?" Na ce masa idan aka sallame ni sai ya zo ya ci dariyar. Ya ɗauki yara suka fita. Gara haka.

Talata, 13 ga Mayu

Farfesa ya kawo mafita, in ji shi. Na farko, in cire duk ɗan jiran da aka koya wa wani abu daga lissafi, in bar waɗanda ba su samu ba. Wato ragwaye da marasa lafiya da wanda ya yi tafiya. Da su za a kwatanta, bambanci ya fito ƙato, kowa ya tafa. Na biyu, saura darasi ɗaya, na ɗaukar hoton kaya, in je in ja wa 'yan aji kunne kada su koya wa kowa sai an gama auna su.

Na ce ranka ya daɗe, na farkon ai gyaran fuska ne. Ya cire tabarau ya dube ni. "Tsaftace bayanai ake ce masa. Kina son digirin ko ba kya so?"

Ina so. Wallahi ina so, shi ya sa nake jin kamar in fashe.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na je na ja kunnen. Da ban je ba.

Na tara 'yan aji a gefen baranda ina magana ƙasa-ƙasa kamar mai shirya sata. Malam Dogo ya saurara har na gama, sannan ya nuna wani ɗan jira ya ce, "Malama, wannan da kike gani shi ke ara min zare in nawa ya ƙare. In juya masa baya in yanka?" Na fara bayanin dalilin kwatanci, da yadda idan aka tabbatar horon yana aiki za a kai shi wasu kasuwanni. Gaskiya ce kuma, ba ƙarya nake ba. Ya gyaɗa kai irin na wanda ba zai yi ba.

Ashe Anti Mai Tabarau tana ji daga shagonta. Babbar mace ce, ita ke ɗinkin kayan yara a shagon ƙarshe, kuma 'yar jira ce. Ranar ƙuri'a ita ta fara zuwa, ta zauna a gaba da sabon littafi, aka gama kiran sunaye babu nata. Ta fito da almakashi a hannu. "'Yata, kun hana ni shiga aji na haƙura. Kina zuwa kina tambayata riga nawa na ɗinka, ina ba ki kujera. Yanzu idona ma za ki rufe?" A gaban kowa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni ce muguwar yanzu. Shi Farfesa yana ofis yana shan lemo.

Litinin, 19 ga Mayu

An yi darasin hoto da safe. Ban je kasuwa ba, ba na son gani.

Laraba, 21 ga Mayu

Na buɗe alƙaluman, na zaɓi sunayen da Farfesa ya ce a cire. Danna maɓalli ɗaya ne kawai. Na gwada a kwafi, don in gani. Kai, bambancin ya fito kyakkyawa, irin wanda ake sa wa a shafin farko. Na zauna ina kallonsa, ina jin haushin kyansa. Sunan Anti na cikin waɗanda suka fita, ita da ta fi kowa ƙaruwar aiki a layin. A takardata sai ta zama ba ta taɓa wanzuwa ba.

Na rufe ban ajiye ba. Ba don ina da kirki ba, kaina ne ke ciwo.

Talata, 27 ga Mayu

Na faɗa masa ba zan cire kowa ba. Na ce zan rubuta abin da ya faru, in nemi wata kasuwar da ba a yi horo ba in kwatanta layin gaba ɗaya da ita. Ya ce wannan sabon aiki ne, ba zai shiga zangon nan ba. Na ce na sani. Ya ce ba zai sa baki a maganar aikina a sashe ba. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Na so in faɗa da ƙarfi fiye da haka.

Na fito ban rufe masa ƙofar ba. Ƙaramin abu ne amma na ji daɗinsa.

A gida Baban yara bai yi dariya ba. Ya ce za mu lallaɓa. Na ce kada ya fara min wa'azi, ya ce bai ce komai ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Sunana bai fito cikin masu kare kundi ba. Na tsaya gaban allon sanarwa na karanta har ƙasa, kamar zai ɓullo. Maganar aiki kuma shiru, kowa a sashe yana kauce wa idona.

Daga nan kasuwa na wuce, in auna su karo na ƙarshe. Ashe 'yan aji sun ji maganata, darasin hoto ba su koya wa kowa ba. Malam Dogo ya ce tunda abin zai jawo min matsala sun bari. Na ce to.

Anti ta shimfiɗa wata rigar yarinya a teburin yanka tana ɗaukar hoto da wayarta, ta ba hasken baya, inuwarta ta rufe rigar gaba ɗaya. Ta ɗauka ta duba ta yi tsaki, ta sake. Ba ta kalle ni ba. Na cika takardata, na sa biro a jaka, na yi niyyar tafiya.

Hoton ne ya dame ni, ya yi muni da yawa. Na ce Anti, juyo ta nan, ki bar hasken ya faɗo a kan rigar. Na rataye ta a jikin farin bango, na riƙe mata hannu ta daidaita wayar. Ta duba hoton ta daɗe, ta ce, "Wannan ba zai ɓata miki lissafi ba?" Na ce ya riga ya ɓaci, ɗauki na bayan.

Har yanzu ina fushi, kada a ce na huce. Gobe ta ce in zo da wuri, akwai riguna biyar.