Jitar Baba a Hannun Raudatu

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Yau Baba ya ba ƙanwata Raudatu jitarsa. Jar nan ta lantarki da ya zo da ita daga Kano tun ba a haife ni ba, wadda fentinta ya goge daidai inda hannunsa ke zama. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye magana ba ta fita, sai ya nuna bango da haɓa, ya nuna Raudatu. Ni ne ma na sauko da ita na miƙa. Ni da na girma ina bin orkestir ɗinsa, ƙungiyar makaɗansa, gidajen biki, amfili na ƙara sauti a ka. Na ce Allah ya sa albarka. Da baki.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ta canza wayoyin jitar. Ko tambayata ba ta yi ba.

Talata, 14 ga Mayu
Ina ɗinki a zaure ina jin ta. Tana sauri, tana tsallake wurare. Amma akwai wani lanƙwasa waya da Baba ke yi, sauti ya fito kamar mutum na shessheƙa. Shekaru na yi ina nema, bai zo mini ba. Ita ya zo mata tana hira da Inna.
Na karya allura.

Asabar, 18 ga Mayu
Wani Alhaji Jamilu na yawo a Birni, Bakano ne, yana sayen tsofaffin jita da bas, mai kaurin sautin nan irin wanda nake kaɗawa, yana tura wa Turawa. Na nuna masa hoton tamu a waya. Ya daɗe yana kallo. Na ce ya zo gida ƙarshen wata, zan shawo kan mutanen gidan da zancen maganin Baba. In ba tawa ba ce, kada ta zama ta kowa.

Juma'a, 24 ga Mayu
Raudatu ta tafi lakwal karatu. Na jona jitar, na zauna gaban Baba, na kaɗa masa duk abin da ya koya mini, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ya yi barci.
Da la'asar ta dawo ta ɗauka ta hau kaɗawa, ko hijabi ba ta cire ba. Yatsun hannunsa na hagu, wanda likita ya ce ya mutu, sai ga su suna motsi kan zane. Na gani. Inna ma ta gani, ta fita da sauri.
"Yaya, na yi daidai?" in ji ta. Na ce da saura.

Litinin, 27 ga Mayu
Ban ci abinci a gida ba.

Asabar, 1 ga Yuni
Alhaji Jamilu ya zo da hantsi, har da akwatin da zai sa ta. Muna zaure, sauti na fitowa daga ciki. Ya ce, "Wane ne wannan? Gwani ne." Na ce ƙanwata ce. Ya ce to a kawo ya duba wuyan jitar, Bature na jira, can za a rataye ta cikin gilashi.
Na ce ba ta sayarwa ba ce, tana da mai ita.
Ya ce ai ni na kira shi. Na ce na sani, ya yi haƙuri. Na raka shi har bakin lungu.
Yadda ya shigo da akwatin ne bai yi mini ba, shi ke nan. Kuma har yanzu tana sauri. Gobe zan gaya mata, in na ɗauko bas ɗina mun zauna kaɗawa tare.