Inda Kuka Ɓoye Fom ɗin 'Yata

Zuwa ga Shugaban wata kwalejin koyon aikin jinya mai zaman kanta a nan Abuja, wadda na sakaya sunanta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ma'aikacin gwamnati ne mazaunin Kurudu. Na daɗe ina bin fayil daga tebur zuwa tebur, har na ɗauka babu wani kwana-kwanan ofis da zai sake ba ni mamaki. Ashe ban shiga shafinku na intanet ba.

Na farko. 'Yata Hauwa ta cika duk sharuɗɗanku. Abin da ya rage kawai ta cike fom kafin ku rufe ranar Juma'a. Tun Litinin muke neman inda za a latsa. Shafin farko hotonka ne, da jawabinka na maraba, da hotunan bikin buɗe sabon gini. Maganar neman shiga, ko alamarta babu.

Na biyu. Jerin da ke saman shafin sunayen ofisoshinku ne, an jera su bisa girman muƙami kamar zaman taro: Shugaba, Mataimaki, Magatakarda. Fisabilillahi, yarinyar da ta gama sakandare bana ina za ta san ofishin da ke riƙe da fom?

Na uku, wanda har yanzu nake jinjinawa. Ranar Alhamis na roƙi oga izini, na zo da ƙafata. Ma'aikaciyarku ta karɓi wayata da fara'a, ta yi ta latse-latse, ita ma ta ɓace! Ta ce wanda ya san wurin ya tafi kwas, sai Litinin. Da na koma ya nuna mini: a shiga Magatakarda, a shiga sashen takardu daban-daban, a gangara ƙasan jadawalin hutun ma'aikata. Ga fom nan, an rufe.

Roƙona uku ne. Ku sa wurin neman shiga a sama, da manyan baƙaƙe. Kafin ku amince da gyaran, ku miƙa wa wanda bai taɓa aiki da ku ba waya, ku yi shiru ku gani ko zai isa. Sannan ku sake buɗe wa irin su Hauwa, ko na kwana biyu ne.

Jiya ta tambaye ni ko ita ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Ni na ba ta amsa, amma taku take jira.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a.

Wassalam.

Baban Hauwa, Kurudu