Bawul ɗin da Kawu ya ɗaura

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gajiya? Ya jikin naka, ya Inna da yara? Mu nan Bauchi lafiya lau.

Jiya muka gwada bawul-bawul na masana'antarmu, wato na'urorin buɗewa da rufe bututu. Da muka zo kan babban nan mai daidaita tururi, wanda ka ɗaura kafin ka koma Fatakwal, muka rufe shi amma allurar geji mai nuna ƙarfin tururin ta ƙi sauka. Injiniya ta ce, "Malam Habu, a cire shi kafin ya ƙona wani." Ni na kwance shi, ina tuna yadda kake kara kunne a jikinsa kana saurare har masarar da kake ci ta huce. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka,
Habu