Maganin Mama na Bakin Tasha

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya gajiyar aikin titi? Mu nan ƙalau muke, sai kewarka. Tunda waya ba ta shiga a dajin da kuke, na koma takarda da biro kamar 'yar firamare. Direban kamfaninku zai miƙa maka, in bai manta da ita a aljihu ba.

Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Mama ta yi ta sa maka albarka har sai da na fara kishi. Amma jininta ne ya sa na rubuto. Nas ɗin da ke haya a ɗakin gaba ta sha auna ta a watan nan, kullum sama yake, ga ciwon kai, ga jiri in ta miƙe. Kuma wallahi ba ta fashin magani. A gabana take ɓalle ƙwayar kowace safiya, ta kora da ruwa, ta juyo mini kwalin in gani, sai ka ce ni ce likitan.

Tun da na fara zuwa shagon ɗinki, ita ke sayo maganin da kanta. Wai tafiya motsa jiki ce. Ni kuwa na san daɗin ciniki ke fitar da ita. Matar da za ta taya allura har mai shago ya gaji ya ba ta kyauta! Jiya ma ta dawo da bokiti tana fahariyar ta kayar da mai shi, kafin la'asar mariƙin ya cire. Na ce mata araha ba ta ado, ta ce in bari sai na fara ciyar da gida tukuna in yi mata karin magana.

Zan mayar da ita wurin likita, ko zai canza mata wani. Ka sa ta a addu'a, kai ma ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin hankalinka ya tashi. Mama tana raye, muna asibiti.

Da safe tana guga ta faɗi. Kafin in ƙaraso bakinta ya karkace, hannun hagu ya saki. Nas ce ta taimaka muka sa ta a mota. Likita ya ce jinin ne ya hau har ya taɓa ɓarin jikinta, ya yi mamaki da na ce ba ta taɓa tsallake magani ba. Ya sa na koma gida na ɗauko kwalin. Mai ba da magani na asibitin ya jujjuya shi, ya ajiye kusa da nasu. Ni ban ga bambanci ba, har hatimin iri ɗaya. Sai ya ɓalle ƙwaya ɗaya ya murza a kan tebur, ta ruguje kamar alli. Jabu ne, Yaya. Wata da watanni Mama na haɗiyar garin banza da bismillah, mu kuma muna yi wa rogo kallon kitse.

Aminiyarta mai kitso ce ta warware mini sauran, tana kuka. Ashe Mama ta daina zuwa kantin magani. Wani mutum ne ke tsayawa a bakin tasha da farar riga da jaka, yana cewa kamfani ne ke rage kaya, rabin kuɗi. Ya iya baki, yana kiran kowace tsohuwa uwarsa, har da tambayar ya ƙafa. Wai ko a rabin ma sai da Mama ta nemi ragi, ya yi dariya ya rage mata. Me zai hana shi ragewa?

Na je tashar, ko ƙurarsa babu. Na kai kwalin ofishin masu kula da ingancin magani, sun karɓa, sun ce ba mu ne na farko ba. Sun ja kunnena a kan sayen magani a wurin da ba shi da rajista, ba shi da rasit, ba inda za ka koma in an cuce ka.

Na dawo cike da fushi, na shirya faɗan da zan yi mata. Da na shiga na same ta tana ƙoƙarin gyara ɗankwali da hannu ɗaya, sai na kasa. Na ɗaura mata, na fita baranda na yi kukana.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarka ta iso. An sallamo mu. Magana tana dawowa a hankali, tana takawa in ta dafa bango. Hannun ne likita ya ce sai an yi haƙuri, wataƙila ya dawo, wataƙila a'a.

Abu na farko da ta sa ni yi shi ne zagaya gidajen ƙawayenta. Ita ce ta nuna musu mutumin, don a ganinta alheri take rabawa. Ba ta yarda ta ci abinci ba sai da na dawo na zube mata kwalayen maganin da na karɓo daga wurinsu a gabanta.

Ka tambaye ni me ya kai ta, alhali kana aiko abin da ya isa. Ta hana ni gaya maka, amma ban yi mata alkawari ba, kaina kawai na sunkuyar. Ka tuna abokinka da ya zo gaishe ta watannin baya? Bakinsa ya suɓuce a tsakar gida, ya ce ka sayar da babur ɗinka, ka saki ɗakin hayarka kana kwana a wurin aiki. Tana kicin, ta ji komai, ba ta nuna ba. Daga ranar ta fara neman mai araha. Abin da ya ragu take ƙullewa a tsumma, wai sai ta mayar maka da babur.

Ban ga ta yi wa hannun nan kuka ko sau ɗaya ba. Abin da take maimaitawa da karkataccen bakinta shi ne ta zame maka nauyi, ga shi ta ɓarnatar da guminka a kan alli. Yanzu ko maganin gaskiyar na miƙa mata, sai ta tambayi nawa ne kafin ta buɗe baki. Jiya ta ce in raba ƙwayar biyu. Wannan ne ke ba ni tsoro, Yaya, fiye da mutumin tasha.

Na san halinka, za ka ƙara aiki ka ƙara aike. Don Allah kada ka yi, jin wahalarka ne ya kai ta bakin tasha. Ka nemi izini ka zo, ko kwana ɗaya ne. Ka zauna a bakin katifarta, ka ba ta ƙwayar da hannunka, ka gaya mata ita ba nauyi ba ce. Ni na faɗa har na gaji, ba ta yarda ba. Daga bakinka take jira.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta