Kafin a warware kitson Hadiza

Zuwa ga ƙanena Isufu, a Faransa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Banifandu sai godiyar Allah.

Bayan haka, takardar da ka aiko ta iso, wadda za ta ba ka izinin ɗaukar 'yata Hadiza ta ci gaba da karatu a lakwal a wurinka. Babanta ya sa hannu tun ranar, ko zama bai yi ba. Saura nawa. Kwana tara ke nan takardar tana cikin jakata ina yawo da ita.

Ka san tarihi nake koyarwa. A wani tsohon littafi na ga hoton wasu yaran ƙasar Sin da gwamnatinsu ta tura Amurka karatu a ƙarni na sha tara. Ƙanana ne, sa'o'in Hadiza, sun jeru cikin manyan riguna, kowanne da dogon kitso guda ɗaya a bayansa, kamar yadda mazansu ke yi a lokacin. Su ma iyayensu sai da suka sa hannu a takarda, cewa in cuta ko mutuwa ta sami yaro ba su da ƙara.

An rarraba su gidajen Turawa. Ba a daɗe ba harshensu ya fara gudu. Yaran unguwa suna jan kitson suna dariya, sai suka riƙa cusa shi cikin riga, wasu ma suka yanke. Da labari ya koma gida, aka fusata, aka kira su tun ba su gama ba. Da suka sauka, tsare su aka yi kamar masu laifi. Nan na rufe littafin.

Kai kuma a saƙonka na murya, cikin faransanci, ka ce a warware mata kitso kafin ta taso, wai can babu mai lokacin zama yin kitso. Haba Isufu! Yarinya ba ta ma hau jirgi ba?

Shekarunka sha uku Kawu ya tafi da kai Faransa. Inna ta daka maka yaji, ta ƙulle a leda uku. Tana yawan cewa, "Isufu na da kai, zai dawo ya zama likitan unguwa." Likita kam ka zama.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da jikin Inna ya tsananta a gidanmu na Mawrai, bayan la'asar, ni na riƙe mata waya a kunne. Ta ce ka yafe mata, ita ta sake ka tun kana ƙarami. Sau uku ta faɗa. Ba ka gane hausarta ba. Ka yi ta ce mata da faransanci za ta samu sauƙi, a ba ta magani kan lokaci. Ta juyo ta dube ni. Na ce mata ka ce ka yafe duniya da lahira. Ƙarya na yi wa uwarmu tana bakin mutuwa, kuma ta yi murmushi ta gaskata ni.

Ban riƙe ka a zuci ba, wallahi. Yaro ne kai, ba kai ka zaɓa ba. Tsoro nake ji, ɗan'uwana. Inna tana da ni a tsakaninku. Ni ranar tawa, wa zai riƙe mini waya?

Yau da safe na shiga ɗaki na tarar da Hadiza gaban madubi, ta warware rabin kanta da kanta, tana waƙa. Ba wanda ya sa ta. Ta ji saƙonka ne. Na zauna na ƙarasa mata, ita kuwa sai murna take. Gobe zan je meri, ofishin magajin gari, in sa hannu, don ba ni da zuciyar da zan kashe mata wannan murnar.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar ta ta yi hausa a gidanka, ko da bango za ta yi wa.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mini abin da na gaya mata. Allah Ya tsare Hadiza, Ya dawo mini da ita muna jin maganar juna.

Na san ba za ka iya karanta wannan ba. Zan sa ta a jakar Hadiza, ita za ta fassara maka. Ka sa ta yi da wuri, tun tana iyawa.

Yayarka,
Rabi