Na Sayi Jitar da Na Daɗe Ina Buri, 'Yata Ta Fi Ni Iya Kaɗa Ta

Hajiya Suwaiba, ina gaisuwa, ya iyali? Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina na kasa faɗa wa fastonmu, na kasa faɗa wa matata, kunya ba za ta bar ni ba. Ki sakaya sunana. Sauran sunayen ma na sauya su, ko da yake duk ɗan majami'armu da ya karanta zai gane.

Ni kafinta ne, shekarata arba'in da takwas. Ina zaune a Gabukka, shagona yana Nasarawo. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. In ba ki san ta ba, ita ce jitar nan ta lantarki mai kaurin murya, wadda mutum ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa ya ji. Duk tsawon shekarun nan da ta majami'a nake aiki, wata tsohuwa mai tsirkiya huɗu da wuyanta ya karkace, ni na sha ɗaure ta da gam da ƙusa. Ba wanda ya koya mini. A kaset na riƙa saurara ina lalube har hannuna ya faɗa.

Tun ina saurayi nake burin in mallaki tawa, hidimar yara ta riƙa shan gabana. Sai bana Allah ya nufa. Abokina Alfred da ke Jos ya zaɓo mini, ya sako ta a mota, na je tasha na karɓa wata ranar Alhamis. A cikin keke napep rungume ta na yi, har direban ya waiwayo ya tambaye ni ko ƙwai ne a jakar.

Hajiya, da na zuge jakar nan sai da na zauna. Tsakiyarta launin zuma, yana ƙara duhu zuwa gefe har ya koma baƙi, ga zanen katakon yana leƙowa ta ƙarƙashin fenti. Katako sana'ata ce, don haka na bi bayan wuyanta da tafin hannu ina neman inda aka yi ha'inci, ban samu ba. Tana da nauyi, in ka rataya ta rabin awa kafaɗarka za ta gaya maka. Akwai abin murɗawa guda huɗu, har yau biyu kaɗai na san aikinsu. A bayanta akwai ɗan gidan batir, in babu batirin ba ta ko tari. Sannan tsirkiyarta biyar ce, ba huɗu ba.

Na aro ƙaramar lasifikar majami'a, muka yi sa'a akwai wuta. Ina taɓa tsirkiyar nan ta biyar, mai kaurin, sai kwanukan matata Jummy suka ɗauki rawa a cikin kabad, gilasan taga suna amsawa. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Na ce ashe zan ga wannan rana.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Duk waƙar da na ɗauko, yatsana sai ya sauka kan wannan sabuwar tsirkiya, domin ta zauna daidai inda hannuna ya saba samun ta farko. Waƙoƙin da nake kaɗawa ido rufe suka riƙa kuɓuce mini. Ga wuyan ya fi na tsohuwar faɗi, ni kuma ƙaramin yatsana na hagu zarto ya taɓa cin sa, ba ya lanƙwasuwa sosai. Na ce ba komai, sabo ne, a hankali za mu san juna.

Ranar Asabar na taso daga shago da wuri, wajen ƙarfe huɗu, don in ƙara gwadawa kafin Lahadi. Tun daga bakin layinmu na jiyo kiɗa. Kiɗa mai tsabta, kowace murya na fita ɗaya bayan ɗaya, can kuma sai a fyaɗi tsirkiyar da babban yatsa ta yi wani tsalle irin wanda nake ji a rediyo. Na zaci Jerome ne, shugaban mawaƙanmu, ya kawo ziyara. A ƙofar gida na tarar da maƙwabcina Malam Bamanga zaune kan babur ɗinsa yana gyaɗa kai. Yana ganina ya zaro ido ya ce, “Au, ba kai ne a ciki ba? Ni fa har na ce yau kafinta ya samo kan abin nan.”

Na shiga. 'Yata ce, Hikima, ta biyu a 'ya'yana, shekararta goma sha tara, tana karatu a kwaleji. Tana zaune kan hannun kujera da sabuwar jitata a hannunta, idonta a lumshe, uwarta na tsaye da waya tana ɗauka. Daga baya na ji cewa shekara biyu ke nan tana tsayawa bayan koyon waƙa, in kowa ya watse ta ɗauki tsohuwar jitar majami'a, tana kallon darasi a waya. Kowa ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Da ta buɗe ido ta gan ni sai ta yi murmushi, irin na mai jiran a yaba masa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Wa ya ba ki izini?” Ta sauke jitar a hankali, ta goge tsirkiyoyin da gefen ɗankwalinta, ta ce in yi haƙuri, ta shige ɗaki.

Washegari na ratayo sabuwar jitata zuwa sujada, mutane suna ta taya ni murna. A waƙar baiko, wato ta lokacin tara sadaka, na yi kuskure sau biyu, na biyun har Jerome ya waiwayo. Kafin yamma Jummy ta riga ta tura bidiyon Hikima cikin zauren mawaƙa na waya, ana ta jera yabo. Wata ta rubuta wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni da na karanta, ji na yi kamar ana nufin barewar ta tsufa. Shekara ashirin da ɗaya, Hajiya, ba wanda ya taɓa ɗaukata a waya.

Ranar Laraba Jerome ya same ni a shago, da ladabinsa, ya roƙi in bar Hikima ta kaɗa waƙa biyu a ranar mawaƙa da za mu yi ƙarshen wata. Na ce masa jitar ta samu matsala, ta daina magana. Ina komawa gida na zare batirin da hannuna, na jefa shi cikin akwatin ƙusoshi. Da yamma na jona ta a gaban kowa don su ga ba ta aiki. Hikima ta dubi jitar, ta dube ni, ta ce, “Baba, ƙila batir ne.” Na ce na duba, ba shi ba ne. Amma na san ta gane.

Yau kwana goma sha ɗaya jitar na kulle cikin wadirob. Hikima ta daina zuwa koyon waƙa, wai karatu ya yi yawa. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa, shi ke nan. Da can ita ce ke cika ni da surutu. Jummy kuma kallona kawai take yi. Ni ma na rasa jitar, na koma kan tsohuwar, yanzu sautinta a kunnena kamar bugun garwa.

Ina son yarinyar nan, Allah ya sani. Amma in na tuna yadda yatsunta ke gudu a kan abin da na yi rabin rayuwata ina jira, sai kishi ya kama ni. Wane irin uba ne ke kishin 'yar cikinsa? In na ba ta dama, ni ina zan tsaya? In na hana, da wane ido zan dube ta? Saura mako biyu.

Naki, Kafinta daga Gabukka.

Malam Kafinta, na amsa gaisuwarka, na kuma gode da ka amince mini.

Ka kwantar da hankalinka, ba kai ne uban farko da ya ji wannan ɗacin ba, kai ne dai ka yi ƙarfin halin rubuta shi. Tela yakan ji shi ranar da aka tsallake shi aka nemi ɗinkin ɗansa, uwa takan ji shi ranar da aka yaba miyar 'yarta a gabanta. Ni a karatuna, ba baiwar Hikima kake ƙi ba. Ranarka kake jin an ƙwace. Ka daɗe kana jiran a ce da kai sannu da ƙoƙari, da ranar ta zo sai tafin ya faɗa hannun wata. Wannan da ciwo, kuma ba zan ce maka babu ba.

Kana da gaskiya a wasu wurare. Jitar taka ce, ɗaukarta ba izini kuskure ne, ko da 'yarka ce. Maman Hikima ma da ta shawarce ka kafin ta watsa bidiyon, da ya fi. Amma yarinyar ta ba ka haƙuri nan take. Kai kuma ka zare batir, ka yi wa Jerome ƙarya, ka maimaita ta a gaban iyalinka. Abin da zuciya ta ji ba a tuhumar mutum da shi, abin da hannu ya aikata shi ake gyarawa. Ka kuma lura, ta gane amma ba ta tona ka ba. Ta bar abin da take so don ta rufa maka asiri. Yarinya 'yar sha tara bai kamata a bar ta da wannan kaya ba.

Ka tambayi kanka me ya sa ta ɓoye maka koyonta shekara biyu. Wataƙila tsoro ne, wataƙila so take sai ta ƙware ta ba ka mamaki. Ko wanne ne, a cikin kayan kiɗan da ke majami'arku naka ta zaɓa.

Ga shawarata. Yau, ba gobe ba, ka mayar da batirin. Ka kira Hikima ku biyu, kafin Jerome, kafin mahaifiyarta. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce mata kai ka cire, ba ka kyauta ba, kuma kiɗanta na ranar Asabar ya yi daɗi. Wannan na ƙarshen shi take jira, kada ka haɗiye shi. Girmanka ba zai zube ba, uban da ya iya cewa na yi kuskure 'ya'yansa sun fi jin nauyinsa. Bayan nan ka gaya wa Jerome jitar lafiyarta ƙalau, maganar da ka faɗa masa ba haka take ba.

Kada kuma nadama ta sa ka kyautar mata da jitar, domin gobe za ka ji haushi. Taka ce. Ka tsara mata ranakun da za ta ɗauka, da sharaɗin ta kula da ita.

Ni ban san kan jita ba, don haka na tambayi wani makaɗi, Sammy. Ya ce duk wanda ya tashi daga tsirkiya huɗu zuwa biyar sai ya yi irin tuntuɓen da kake yi, yawanci 'yan makonni ne hannu ke sabawa. Ya ce ka riƙa ɗora babban yatsanka na dama a kan ta biyar ɗin, ka kaɗa sauran huɗun yadda ka saba, har ka natsu. Kai kuma ko mako ɗaya ba ka ba jitar ba kafin ka yanke wa kanka hukunci. Ya ƙara da cewa gudun yatsa ba shi ne duka aikin ba. Sanin inda za a sassauta idan tsofaffi suka ja waƙa, da inda za a yi shiru, wannan sai wanda ya daɗe a gaban jama'a, waya ba ta koyar da shi. Ka ba Hikima wannan, ita ta nuna maka aikin abin murɗawa biyun da suka gagare ka.

Waƙa biyu aka roƙa, ba kujerarka ba. Ka kaɗa naka, ka cire jitar daga kafaɗarka, ka rataya mata da hannunka. Ɗacin ba lallai ya tafi a ranar ba, zai iya leƙowa ana tsakiyar tafi. Ka bar shi ya wuce, kada dai ka fice waje. In ta ɗago kai daga kan jitar nan, fuskarka za ta fara nema a cikin taron. Ka zauna inda za ta gan ka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya shirya tsakaninku, ya albarkaci hannunka da nata.

Taku, Hajiya Suwaiba.